Me ya sa mawaƙi yake nuna kunnensa yana ɗaga yatsa sama?

Yau na ajiye labarin sabbin finafinai a gefe, wata 'yar alama nake so mu tattauna a kanta, wadda duk mai zuwa kallon wasa ya taɓa gani. Ana tsakiyar waƙa sai mawaƙi ya waiwaya gefe, ya nuna makirufo, ya nuna kunnensa, ya ɗaga yatsa sama. Wani lokacin har da harara. Ku da ke ƙasa kuna jin muryarsa tar, har tana neman fasa muku dodon kunne, sai ku ce wannan kuma wane irin iyayi ne?

Wallahi ba iyayi ba ne. Bawan Allah ba ya jin kansa.

Na yi shekaru ina bin masu hayar kayan sauti a nan Badariya, tun daga ɗaukar lasifika da naɗe waya har na kai ga zama a gaban miksa. Abin da aikin ya fara koya mani shi ne a kowane wasa sauti biyu ne ke tashi. Akwai wanda 'yan kallo ke ji, akwai wanda mutanen kan dandamali ke ji, kuma su biyun kullum cikin rigima suke. Gwajin sautin nan da ake yi kafin taro, wanda kuke jin ana ta "wan, tu, wan, tu" har ya gundure ku, zaman sulhu ne tsakaninsu.

Ku dubi yadda ake jera kaya. Manyan lasifikoki suna bakin dandamali, dama da hagu, sun fuskanci jama'a, sun ba mawaƙi baya. Siririn sauti, wanda shi ke ɗauke da harufan magana, irin su "s" da "t" da "sh", gaba yake tafiya kamar hasken tocila. Shi kuwa bes, wato kaurin sautin nan da kake ji a ƙirji, babu ruwansa da inda akwati ya fuskanta, ta ko'ina yake fita, gaba da baya da gefe. Saboda haka abin da ke isa kunnen mawaƙi daga manyan lasifikoki gurnani ne kawai, bum-bum babu kalma ko ɗaya.

Sai kuma amsa-kuwwa. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan gari da ɗan sanyi, a zafinmu na watan Afrilu kuwa yakan kai wajen 355. Ka ɗauka an kafa rumfa a kan layi ana biki, kamar yadda muka saba a unguwa, ga katangar wani gida mita 30 a gaban dandamali. Muryar mawaƙi za ta fita, ta bugi katanga, ta dawo: tafiyar mita 60 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A baki kamar ba komai ba. Amma kunnen mutum da zarar jinkiri ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, ya fara jin abin a matsayin murya ta biyu. To mawaƙi yana furta wannan gaɓa, waccan da ya riga ya wuce tana dawo masa. Idan ya bi ta, ya makara a kan kiɗa. Idan ya yi ƙoƙarin danne ta, sai ya shiga ihu, kafin waƙa ta uku murya ta dushe. Sau da yawa idan kuka ji an ce wane ba shi da murya sai a situdiyo, abin da ya same shi ke nan. A ɗakunan taro masu tayil da rufin kwano abin ya fi muni, don kowane bango da nasa amsawar.

Magabata ba su san wannan ciwon kai ba. Irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da gidan Ɗandawo na Yauri, 'yan amshi kafaɗa da kafaɗa suke da maigidansu, kiɗa a hannunsu, kowa yana jin numfashin ɗan uwansa. Ƙarfin kiɗan daidai da ƙarfin muryar. Haka makaɗan da ke cikin kwalekwale ranar su a Matan Fada, babu waya babu batir, kuma suna jin junansu. Matsalar ta zo ne ranar da aka fara ƙara wa sauti ƙarfi don ya isa dubban mutane. Turawa ma sun sha ta. Ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta yi wasa a filin Shea da ke New York, a gaban mutum sama da dubu 55, babu wata lasifika da ke fuskantarsu. Ihun 'yan kallo ya binne komai, har mai gangarsu Ringo Starr ya riƙa kallon motsin jikin sauran don ya gane inda aka kai a waƙa. Cikin Agusta 1966 suka daina yawon wasa gaba ɗaya, kuma rashin jin kansu yana cikin dalilan.

Maganin da aka samo shi ne monita. Ita ce 'yar lasifikar nan da kuke gani kwance a ƙasa a bakin dandamali, ta ba ku baya, ta ɗaga kai tana kallon fuskar mawaƙi. Wasu sun ɗauka wurin ɗora ƙafa ne don a yi hoto. Aikinta ta mayar wa mawaƙi da muryarsa nan take, kafin ta katanga ta dawo ta ruɗe shi.

Kuma abin da ke fita daga cikinta ba lallai ya zama irin wanda ku kuke ji ba. Ku kuna son komai ya haɗu ya yi daɗi. Mawaƙi yana son muryarsa a sama, sai fiyano kaɗan don ya riƙe karin, sai bugun da zai bi. Mai fiyano yana son jin kansa da mawaƙi. 'Yan amshi suna son jin junansu. A jikin miksa akwai jerin maɓallan da aka rubuta wa AUX, da su ake dafa wa kowace monita nata haɗin daban. A nan akwai wani ɗan maɓalli da ya sha kunyata masu kaya: PRE da POST. Idan yana kan PRE, monita tana cin gashin kanta, duk abin da mai miksa ya yi wa sautin 'yan kallo ba zai taɓa ta ba. Idan yana kan POST, da zarar ya sassauta muryar mawaƙi a waje, ta ragu a kunnen mawaƙin ma, da ya ɗaga ta kuma sai kuka ya tashi. Miksoci na zamani irin Behringer X32, wadda ta fito a 2012, suna iya ba mutum goma haɗi goma har su adana shi don gobe. Yawancin ƙananan da muke haya a unguwa AUX biyu gare su, ɗaya kuma an riga an ba eko. Ka ga dole kowa ya ci tuwo a kwano ɗaya.

To tunda monita ce magani, me zai hana a buɗe ta har ƙarshe kowa ya huta? Nan ne rigimar take.

Makirufo ba ya bambance muryar mawaƙi da muryar da ke fitowa daga monita. Abin da ya ji shi zai ɗauka. Murya ta shiga makirufo, an ƙara mata ƙarfi, ta fito ta monita, ta sake shiga makirufo, an sake ƙara mata. Muddin abin da ke dawowa ya kai ƙarfin wanda ya shiga da farko, zagayen ba zai tsaya ba, sai ka ji "wiiiii" ɗin nan da ke sa mata toshe kunnen jarirai. Kowace monita tana da iyakar da idan an wuce ta za ta yi kuka. Duk dabarar mai sauti ita ce ya tura iyakar nan can sama, sannan ya tsaya nesa da ita.

Abu na farko da ke taimakonsa shi ne ƙirar makirufon. Shure SM58, mai kan nan kamar ƙwallo, wanda ake ƙerawa tun 1966 kuma jabunsa ya cika kasuwa, an yi shi ne ya ji ta gaba sosai, ta gefe kaɗan, ta baya kuwa kurma ne. Shi ya sa ake ajiye monita daidai inda gindinsa ya nuna. Ƙanensa Beta 58A ya fi shi tsuke gefe, amma yana ɗan ji ta baya, don haka nasa monita sai an karkatar da ita gefe. Wannan kurumtar ta baya kuwa wasu 'yan ƙofofi ne a ƙasan kan makirufon ke samar da ita.

Yanzu ku tuna yadda samarin mawaƙanmu ke riƙe makirufo. A dunƙule kan gaba ɗaya cikin tafin hannu, a bar ɗan rami wajen baki, wai salon 'yan hip-hop na Amurka. Da ka rufe ƙofofin nan, ka mayar da shi mai ji ta ko'ina, monita ta samu hanyar shiga, muryar kuma ta koma kamar mai magana cikin gwangwani. Sai ya juyo yana hararar mai miksa. Ni dai a ganina babu ɗabi'ar da ta fi wannan ɓata wasanninmu, kuma gyaranta ko sisi ba ya ci: ka sauke hannunka ƙasa da kan.

Ɗaya ɓangaren kuma masu riƙe shi a ƙirji kamar kofin shayi, galibi sanƙira da manyan baƙi masu jawabi. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, abin da ke shiga yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Daga inci 1 zuwa 2, shida sun tafi. Zuwa 4, sha biyu. Zuwa inci 8, sha takwas. Ragin desibel 10 kawai kunne yana jin sa kamar an raba ƙara biyu, to ku lissafa. Mai miksa ba shi da yadda zai cike giɓin nan sai ya ƙara wuta, ƙarin wutar kuma shi ke kai shi bakin kuka.

Ko da ba a kai ga kuka ba, monita mai ƙarfi tana da wata ɓarnar. Tana bugun bangon bayan dandamali ta dawo cikin jama'a a makare. Tana shiga duk makirufon da ke buɗe. Na sahun gaba su ji sauti biyu a cakuɗe, mai miksa kuma ya rasa iko, domin ko ya kashe manyan lasifikoki gaba ɗaya ɗakin a cike yake da ƙara. Don ya rufe wannan sai ya ƙara na waje. Na waje ya ƙaru, gurnaninsa ya ƙaru a kan dandamali, mawaƙi ya sake ɗaga yatsa. Aka ƙara masa, mai fiyano ya daina jin kansa, ya murɗa nasa. Haka za a yi ta hawa har a kai inda babu mai jin kowa.

Ga yadda maigidan da ya koya mani aiki yake bi, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ba. Kafin kowa ya iso, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowace tana kawo sauti. Sai ya kashe manyan lasifikoki, ya sa yaro ya tsaya inda mawaƙi zai tsaya, ya riƙa ɗaga monita a hankali har ta fara 'yar ƙara. Ya nemo daidai sautin da ke kukan a kan ikwalaiza, mai maɓallai 31 ɗin nan a jere, ya sauke wannan ɗaya kaɗan. Ya sake ɗagawa, wani ya fito, ya sauke shi. Uku ko huɗu ya tsaya, domin idan ka yi ta saukewa za ka wayi gari ka kashe kukan ka kashe muryar tare. Daga nan ya ja da baya, ya bar tazara. Kuma yakan yanke kaurin da ke ƙasa da 100 Hz daga monita da makirufon murya, tunda bes yana zuwa dandamali kyauta daga manyan akwatuna, ba a buƙatar ƙari.

Idan mawaƙa sun zo, ɗaya bayan ɗaya ake yi, sauran su yi shiru. Wannan shirun fa shi ne mafi wuya, don mai fiyano ba ya iya ganin fiyano a kunne ya ƙyale. Mawaƙi ya rera da ƙarfin da zai yi waƙa da gaske. Raɗa "wan, tu" ba ta nuna komai, wanda ya yi gwaji da raɗa zai zo ya yi wasa da ihu. Bayan an ba kowa nasa, sai a kunna na waje a yi waƙa ɗaya cikakkiya, mai zafi, domin da zarar manyan sun tashi abin da ake ji a sama ya canja, sai an sake taɓawa. A ƙarshe yakan yi wani gwaji: ana cikin waƙa ya sauke na waje gaba ɗaya, ya saurara daga tsakiyar fili. Idan har yana jin waƙar sosai daga can, dandamali ya yi ƙara da yawa, dole a rage.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake amsa "ƙara mani". Wata rana a wani biki, wani mawaƙi da ya zo daga nesa ya yi ta cewa, "Injiniya, ƙara mani, ban jin kaina!" Monitarsa kuwa tana bakin kuka, babu sauran wuri. Maigida bai taɓa muryar ba. Ya rage fiyano da kiɗan da ke cikin monitar, ya aike ni in juya akwatin mai jita da ke huro masa a ƙeya. Ya ce, "Oga, gwada yanzu." Mutumin ya rera layi ɗaya ya ce, "Yauwa, ka ga yanzu ka ƙara!" Muka haɗa ido muka yi shiru. Mafi yawan lokaci muryar tana nan, abubuwa ne suka taru a kanta.

Kayan gargajiya kuma da nasu hali. Kalangu da ganga ba sa buƙatar a sa su a monita, a ƙaramin dandamali su kansu sun ishi kowa, wani lokacin ma roƙon makaɗi ake ya ɗan ja baya. Gurmi da kukuma su ne 'yan lallaɓa: sautinsu siriri, dole a buɗe makirufo sosai, ƙoƙon da fatar kuma suna amsa duk abin da monita ta huro musu. Irin waɗannan gara a zaunar da mai su nesa da ganga, a kawo makirufo dab da fatar, a ba shi monita ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma al'adarmu ta hawa kan waƙa. Mawaƙi ya miƙa wa dije filasha, a saki waƙar yadda take a waya, da muryarta da komai, shi kuma ya bi sama. A monita sai ya ji murya biyu, ta situdiyo wadda na'ura ta goge tas, da tasa ta yanzu mai haki. Ba ya gane wacce yake bi, mai miksa kuma ba zai iya raba ta situdiyon da kiɗan ba, tunda a dunƙule suka zo. Mawaƙin da ya zo da kiɗa zalla, da amshi kawai a ciki, ya sauƙaƙa wa kowa, kuma shi ne za ku ce kun ji ya yi waƙa.

Duk wannan gwajin da la'asar ake yi, wasa kuwa da dare, kuma wurin ba ɗaya ba ne. Ɗaki babu kowa yana amsawa kamar rijiya. Idan ya cika, jikin mutane da tufafinsu sun shanye amsawar, musamman siririn sauti, sai mawaƙin da ya ce ya ji daidai ɗazu ya ce an rage masa. A buɗaɗɗen fili irin na Haliru Abdu, ko wajen bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, matsalar ta juya. Babu bangon da zai dawo da komai kusa, mawaƙi ji yake kamar muryarsa tana faɗawa rami, rayuwarsa gaba ɗaya tana kan monita. Amfaninsa dai kuka ya fi wuyar tashi, ana iya ba shi da ɗan yawa. Bikin yakan faɗo a watan Fabrairu ko Maris, iska a bushe, busasshiyar iska kuma tana cinye siririn sauti kafin ya kai na baya. Da rana ƙasa ta yi zafi, sauti sama yake lanƙwasawa. Da dare ƙasa ta huce, sai ya kwanto ya yi nisa, shi ya sa ake kwana da kiɗan bikin wata unguwa a kunne. Mai wayo yakan bar wa kansa sarari a miksa saboda waɗannan canje-canje.

Sai uwa uba, liƙi. An gama saiti tsaf, waƙa ta yi daɗi, mutum ashirin suka hau dandamali. Biyu sun tsaya a gaban monita sun toshe ta da babbar riga, ɗaya ya taka waya, mawaƙi ya sauko cikin jama'a yana bin mai kuɗi har gaban manyan lasifikoki, inda makirufo bai kamata ya je ba ko kusa. Babu gwajin da ke maganin wannan, sai dai hannun mai miksa ya zauna a kan maɓalli.

Manyan mawaƙa sun koma sa ɗan abin kunne, wanda ke kawo musu haɗinsu kai tsaye ba tare da akwati a ƙasa ba. Dandamali ya yi shiru, kuka ya ragu, duk inda ya taka sautinsa na biye da shi. Illarsa yana raba mutum da jama'a, ba ya jin tafinku, shi ya sa kuke ganin wasu sun zare ɗaya. Zare ɗayan kuma yana sa a ƙara wa wanda ya rage wuta fiye da kima. Kunne ba ya tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce kada ƙarar wurin wasa ta wuce desibel 100 idan an auna matsakaicinta na minti 15. Idan ka koma gida kunnenka yana ta tsuwwa har safe, ka sha fiye da rabonka.

Gaskiya babban abin da ke kashe mu shi ne gwajin ma ba a yin sa. Mawaƙi yana ganin zuwa da wuri raini ne, sai ƙarfe goma sha ɗaya ya faɗo daga mota zuwa dandamali, waƙar farko ta zama gwaji a gaban mutanen da suka sayi tikiti. Minti 20 da la'asar sun isa. Idan ba zai zo ba, ko ɗan amshinsa ya turo, wanda ya san abin da maigidansa ke son ji.

Ku kuma 'yan kallo, in dai waƙa kuka zo ji, ku bar rububin sahun gaba. Can bayan monita ne da gurnanin bes, sai dai a samu hoto mai kyau. Ku nemi inda aka kafa teburin miksa, in an kafa shi cikin jama'a yadda ya kamata, ku tsaya kusa da shi. Da kunnen mutumin da ke wurin aka auna komai. In kuwa kuka hango miksar a ɓoye a bayan dandamali, ko a gefen lasifika kusa da janareta, to shi ma mai ita ba ya jin abin da kuke ji, sai ku matsa tsakiyar fili, daidai tsakanin akwatunan dama da na hagu.